Shinkafar da Na Ƙi Ci

Da tatsuniya ce wannan, da na fi jin daɗin faɗarta, don ita tatsuniya in ka gama sai ka kakkaɓe zane ka tashi. Wannan kuwa tare muke kwana, tare muke tashi. Ni ban yi boko ba. Faɗa nake yi, maƙwabciyata malamar makaranta tana rubutawa, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini baki.

A Tsafe aka haife ni, a Tsafe aka yi mini aure, a Tsafe na tsufa. Ɗiya ɗaya Allah ya bar mini, ita ma ya karɓe ta tana da goyo. Uban yaron ya tafi kudu neman abinci, aka ɗauko jariri cikin zane aka ɗora mini a cinya. Shi ne jikana. Da kunun gero da nonon akuya na raine shi. Tun bai iya magana ba nake ce masa mai gida, irin wasan kaka da jika, shi ma da bakinsa ya buɗe, amarya yake ce mini.

"Amarya, yau mi za a ba mai gida?"

"Mai gidan da bai kawo cefane ba? Ɗumamen tuwo, in ka ƙi ka kwana da yunwa."

"Bari in girma. Shinkafa za ki ci har ki ce ta ishe ki."

Mijina na gaskiya, Allah ya ji ƙansa, ya bar mini rediyo baƙa wadda aka ɗaure bayanta da roba. Bayan la'asar matan unguwa kan taru a tsakar gidana, muna ɓarar gyaɗa muna sauraren wasan kwaikwayo. A nan na san lauya. Ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba, amma muryarsa na san ta kamar ta ɗan gida. Murya ce mai santsi, tana hawa tana sauka, rabi Hausa rabi Turanci. Kowane wasa aka yi, halinsa ɗaya ne. Ɓarawo zai yi sata ya kai masa rabo, shi kuma ya shiga kotu ya daka wa mai kaya tsawa, ya juya shi, ya sake juya shi, har mai gaskiya ya rasa bakin magana ya fashe da kuka. Sai mu ajiye gyaɗa mu yi ta Allah wadai. Akwai wata tsohuwa a cikinmu da takan tofar da miyau wajen rediyon.

Da talabijin ta zo gidan maƙwabta, sai na ga kamanninsa: baƙar riga har ƙasa, da farar hula kamar an yanko gadon bayan tunkiya an kifa masa a kai. Yana kai da kawowa, yana nuna mutane da yatsa. In an tashi sai ya laɓe bayan mota ya miƙa hannu. Mu da muka tashi muna ganin mutum ya tsaya gaban alƙali da bakinsa, ya faɗi nasa, a kira shaidu, a ba da rantsuwa, ba mu ga gurbin mutumin da ke ba da hayar harshensa ba. Na riƙe wannan a raina kamar karatun allo.

Yaro ya yi ta karatu, daga wannan makaranta zuwa waccan. Ban taɓa tambayarsa karatun mene ne ba. Na ɗauka malanta ce ko aikin ofis. Rannan ya zo da hoto cikin gilashi yana murna, ya miƙo mini. Na kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Baƙar riga. Hular tunkiya. A ƙarƙashinta fuskar da na wanke da hannuna shekara da shekaru. Na ce Allah shi yi albarka, na koma na zauna a kan turmi.

Ya sami aiki a Gusau. Ƙarshen wata na farko sai ga shi ya sauko daga mota da buhun shinkafa a kafaɗa, da jarkar mai, da sukari.

"Amarya, fito ki amshi cefane! Yau bakinki ya mutu."

Na yi guɗa don kada ya gane. Da ya tafi na zauna gaban buhun nan har rana ta yi ja. Ina tambayar kaina: gonar wa ke cikin buhun nan? Hawayen wa? In ci, ban iya ba. In bayar sadaka, yaya zan zuba a cikin wani abin da nake tsoro a nawa? In mayar masa, na kashe masa zuciya. Ban tambayi malam ba, don kunyar a ce ga abin da jikana ya zama. Ban tambaye shi ba, don tsoron amsar.

Ɗakin mijina yana nan a rufe tun rasuwarsa. Na ja buhun a ƙasa, ina ja ina hutawa, har na kai shi ciki. Na sa kwaɗo, na ƙulle makullin a bakin zanena.

Haka aka yi wata na biyu. Haka aka yi na uku. In ya zo, tuwon dawar gonata nake yi masa da miyar kuka. Yakan leƙa tukunya ya ce, "Wai ina shinkafar?" In ce cikina bai saba ba, sai ranar Juma'a nake dafawa. Ya ce, "Amaryar ƙauye ke nan, an kawo mata daɗi tana gudu." Mu yi dariya. Shekara uku ba kaɗan muna wannan dariya.

Damina ce ta tona ni. Ya zo ya tarar an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya ga bangon ɗakin mijina ya jiƙe tun daga sama. Ya tuɓe riga ya ce in ba shi makulli ya duba rufin kafin ya rufta. Na ce makullin ya ɓace. Yana ɗaure a ƙuguna ina jin sanyinsa. Ya ɗauko taɓarya ya doki kwaɗon sau biyu.

Warin ne ya fara fitowa. Buhu a kan buhu, na ƙasa sun yi baƙi, ɓeraye sun yi gida, ƙwari sun mai da rabi gari. Jarkoki a jere ba a taɓa buɗe ko ɗaya ba. Sukari ya narke ya bi ƙasa, tururuwa ta yi hanya. Ya juyo da taɓaryar a hannu.

"Inna, mi ne ne wanga?"

Tun yana ɗan shekara uku ban ji Inna a bakinsa ba.

Na ce, "Ban san ta inda ta fito ba."

"Daga kasuwa ta fito. Da gumina."

"Na ji abin da lauyoyi ke yi."

"A ina kika ji?"

"A rediyo."

Ya yi dariya, 'yar gajeruwa. Ya ce, "Ashe ɓarawo kika raina." Na ce ban faɗa ba. Ya ce, "Ɗakinga ya faɗa." Ya sa rigarsa. Tuwo yana kan wuta bai tsaya ba.

Bai yanke gaisuwa ba, don ba haka na raine shi ba. Kowace Juma'a yakan kira wayar maƙwabciyata a kawo mini. "Inna, ina wuni. Ya jiki. To, Allah shi ƙara lahiya." Shi ke nan. Ba mai gida, ba amarya. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, ba motar da ta tsaya a ƙofata. Gusau ga ta nan, tafiyar da ba ta kai a dafa wake ya nuna ba, amma ta zama mini kamar bayan teku. Matan ɓarar gyaɗa kuwa sun watse, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu 'ya'yansu sun kwashe su saboda rashin zaman lafiya. Na rage ni da rediyo. In lauya ya fara tsawarsa, ba wanda zan kalla mu yi Allah wadai tare. Damina ta wuce, kaka ta wuce, wata daminar ta kama.

Sai aka yi mana rasuwa a Bungudu, ƙanwar mijina, na tafi gaisuwa. Muna zaune cikin mata aka faɗi ko ni wace ce. Wata mata daga Furfuri, siririya, ta taso ta kama hannuna da hannu biyu. Ta ce mijinta ya rasu ya bar mata marayu da gona, wani mai hali ya ce an sayar masa tun mijin yana da rai. Ta ce jikana ne ya tsaya mata, shekara biyu ke nan suna jeka ka dawo. Ta ce, "Inna, ranar Talata za a sake zama." Ban san lokacin da na ce ta tafi da ni ba.

Na shiga kotu a Gusau ina jiran tsawa. Ba tsawa. Ɗaki ne mai bencina, fanka tana juyawa da ƙyar, mutane suna gyangyaɗi. Muka zauna tun hantsi har gindina ya mutu. Lauyoyi suna gaba sun ba mu baya, duk baƙaƙe kamar hankaki a kan reshe, amma ƙeyar nawa ba ta ɓace mini ba. Da aka kira maganar gonar ya miƙe a hankali. Bai kai ba, bai kawo ba, bai nuna kowa da yatsa ba. Ya ɗaga wata takarda, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya jira alƙali ya rubuta, ya ƙara kaɗan, ya sake jira. Na wancan ɓangaren ya miƙe ya faɗi nasa. Alƙali ya duba wani littafi ya ambaci wata rana. Matar Furfuri ta raɗa mini, "An ɗaga." Na ce, "Shi ke nan?" Ta ce, "Kullum haka ne."

A waje ya gan ni. Hular tana hannunsa, da na dube ta kusa ashe duk ta koɗe. Ya tsuguna a ƙasa da baƙar rigar nan, gaban jama'a.

"Inna, lahiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ka sani sosai. Na zo in ga aikinka."

"To, kin gani. Ba daɗin kallo."

Na ce tambaya ɗaya gare ni. Na ce, "Kana tsaya wa mai laihi?"

Ya ce, "Ina tsayawa. Ba ni cewa bai yi ba in na san ya yi. Ina dai tsare kada a aza mai abin da ya hi laihinsa."

"Na rediyon fa? Akwai su?"

"Akwai su. Kamar yadda akwai mai awo da ke tauye mudu." Sannan ya ce, "Kin tuna ranar da na sa wa dangar maƙwabci wuta ina gasa gyaɗa? Aka kai ni gaban mai unguwa. Wa ya tsaya ya ce yaro ya yi, amma maraya ne, kuma iska aka yi, a bar ni in sake danga kada a doke shi?"

Na tuna. Kwana huɗu na yi ina ɗauko kara a kaina.

Akwai mai abinci a gindin wata bishiya a bakin ƙofar kotun. Na ce masa yunwa nake ji. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Na ce, "Shinkafa. Kai za ka saya." Ya je da kansa ya kawo, da wake da mai da yaji, a kwanon roba. Na wanke hannu na yi bisimilla. Ya zauna a kan benci kusa da ni yana kallon kowace loma har na suɗe kwanon.

"A hankali, amarya, kada ki ƙware ki ja mini magana."

Na sa bakin mayafi na rufe fuskata.

A mota, yana mai da ni Tsafe, ya faɗa mini sauran. Ya karɓi aiki a Abuja, ƙarshen watan zai tashi, maganar gonar ma wani abokin aikinsa zai miƙa wa. Tun bara ake kiransa yana ƙi, daga baya ya amsa. Ya ce, "Na ga ba ni da abin kawowa Tsafe." Ban ce kada ya tafi ba. Ba ni da bakin faɗa.

Na share ɗakin mijina. Abin da ƙwari suka rage kaji suka cinye. Yadda shari'ar matar Furfuri ta ƙare, har yau ban ji ba. Shinkafa kuwa tana zuwa, direba ke sauke ta a ƙofa ya yi hon ya wuce. Shekara uku yana kawo ta a kafaɗarsa ban ci ba, yanzu da nake ci ba ya nan ya gani. Ina auna tafin hannu biyu in dafa, in zauna a bakin ƙofa in ci ni kaɗai. Rediyo tana gefe. Jiya ma an yi wani lauyan, yana ta tsawa. Na saurare shi har ya gama, ban yi masa Allah wadai ba.

Ranar Juma'a maƙwabciyata ta miƙo mini waya.

"Amarya, shinkafar ta ishe ki?"

"Ba ta ishe ni ba, mai gida. Ka kawo wata da kanka."

Ya ce sai da Sallah, in hanya ta yi kyau. Na ce Allah shi kai mu. Na miƙa mata wayarta, na ɗauki kwanona guda ɗaya na je na wanke.