Filashi a Ɗakin Gwajin Dundumi

Har yau raina yakan ɓaci idan na tuna ranar da Baba Yohanna ya zo asibitin idon da nake aikin jinya a Narayi. Direban motar 'yan makaranta ne daga Mahuta. An kai ƙararsa wai yana da dundumi, ba ya gani da magariba, makarantar ta ce ko ya kawo sakamakon gwaji a ranar ko ya ajiye makulli.

Ku sababbin ma'aikata, ga abin da gwajin yake nufi. A bayan ido akwai wani sinadari mai launi wanda ƙwayarsa a lanƙwashe take. Da haske ya taɓa ta sai ta miƙe, wannan miƙewar ce ke tura saƙo zuwa ƙwaƙwalwa har mutum ya gani. Wadda ta miƙe ta gama aiki sai ido ya sake lanƙwasa ta, kuma a hankali yake yi. Shi ya sa muke zaunar da mutum cikin duhu kusan rabin awa kafin mu auna.

Mun kusa cika lokacin ke nan sai manajan asibiti ya banko ƙofa da baƙi masu ba da tallafi, mai hoto na biye. Kafin in buɗe baki, manaja ya dafa kafaɗar Baba Yohanna, filashin kyamara ya tashi a fuskar dattijon.

Na ce, "Oga, ka ɓata mana gwaji!"

Ya ce, "Haba Sista, sakan ɗaya fa? Ci gaba kawai."

Na ce sakan ɗin nan ya rushe duk abin da idon ya tara, in na auna yanzu mai lafiya ma faɗuwa zai yi. Baba Yohanna dai cewa ya yi, "Ba komai 'yata, mu sake."

Muka sake daga farko. Idonsa garau. Amma likitan da zai sa hannu ya bi baƙi cin abinci, bai dawo ba, bai ɗaga waya ba. Washegari da sassafe aka ba wani motar.

Tun ranar nake kulle ƙofar nan ta ciki, ko wa ya buga. Na koyi cewa a aikinmu wanda ya fi ɓata lokacin mara lafiya sau da yawa shi ne mai cewa ya zo taimako. Hoton yana nan rataye a falon jira, Baba Yohanna ya runtse ido, manaja na dafe da kafaɗarsa yana murmushi.