Ƙofar da Aka Kulle wa Yaya Rabi

Shekara goma sha shida ke nan da ruwa ya tafi da yayata Rabi a wannan gari na Jidda. Duk lokacin da shekara ta zagayo nakan ce bana zan yi mata rubutu mai sanyi, irin wanda ake yi wa mamaci, a yabi halinsa, a yi masa addu'a, a shafa. Da na ɗauki alƙalami sai in ajiye. Bana na gaji da jiran zuciyata ta huce. Zan rubuta a yadda nake ji.

Wanda bai san Jidda ba sai daga filin jirgi zuwa hanyar Makka zai yi mamakin a ce ruwa ya ci mutum a nan. Gari ne da ba shi da kogi ko ɗaya. Yamma da shi Bahar Maliya ce, gabas da shi duwatsu ne baƙaƙe waɗanda ko ciyawa ba sa riƙewa, shi kuma yana shimfiɗe a tsakaninsu kamar tabarma. Zafinsa ba irin na Kano ba ne, wanda in ka shiga inuwa za ka sarara. Na nan jiƙaƙƙe ne, iskar teku ke kawo shi, ka yi wanka ka fito rigarka ta manne maka a baya kafin ka kai bakin titi. Sai a yi shekara guda ba a ga hadari na kirki ba. Amma ranar da aka yi ruwa a kan duwatsun nan, ba ƙasar da za ta shanye shi. Gangarowa yake yi ta busassun kwaruruka da Larabawa ke ce wa wadi, ya nufi teku ta hanyar da ya saba bi tun kafin a kafa garin, kuma ba ya tambayar wa ya yi gini a kanta.

Kakanmu a ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina, ya ratsa Sudan yana noma yana gaba, ya hau kwalekwalen alhazai ya sauka a tashar jiragen ruwan nan. Da ya sauke farali bai koma ba. Ga-ruwa ya yi a tsohon gari, yana hawa benayen nan na dutsen murjani masu tagogin katako da salka a kafaɗa, a zamanin da ruwan sha ya fi komai wuya a Jidda. A nan aka haifi babanmu, a nan aka haife mu. Duk da haka har yau iƙama muke sabuntawa, takardar zaman baƙo, kamar jiya muka sauka.

Yaya Rabi ce ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Doguwa ce, mai babbar murya, in ta yi dariya sai maƙwabta sun leƙo. Bayan mijinta ya rasu ta kama sana'ar abinci. Tun asuba take tuƙa tuwo ta kaɗa miyar kuka, a kai wa leburorin da ke aiki a manyan ɗakunan ajiyar kaya na Khumra. Ba ta da haƙuri da raini ko kaɗan. Na taɓa ganin ta tare wani direba da ya zagi wata tsohuwa a bakin kasuwa, ta wanke shi da Larabci, ta ƙarasa da Hausa, har ya ja motarsa bai sauke fasinjansa ba.

Ita da 'yarta Maryam, wadda lokacin ba ta wuce shekara tara ba, suna haya a wata unguwa bayan Waziriyya in ka nufi duwatsu. Gidan ƙasa ne, ɗakuna jere da tsakar gida, an gina shi a tsakiyar kwari. Matakala guda ce ke hawa saman rufin, kuma a gindinta akwai ƙofar ƙarfe da ƙaton kwaɗo. Mai gidan, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ba Balarabe ba ne. Namu ne, Bahaushe, jikan alhaji kamar mu, sai dai nasu kakan ya samu takardar zama ɗan ƙasa da wuri. Yaya ta sha roƙonsa makullin don mata su riƙa shanya a sama, saboda a tsakar gida kaya ba sa bushewa da wannan laima. Amsar da ya ba ta a gabana ita ce ba ya son a mayar masa da saman gida kasuwar gwanjo, masu wucewa su ce gidan Takari ne. Da bakinsa ya faɗi kalmar, kalmar rainin da ake jifan mutanenmu da ita a nan, har da ubansa.

Ranar da abin ya faru ina Abhur, can arewacin gari, inda nake tuƙa iyalan kafilina, ubangidan da iƙamata ke ƙarƙashinsa. A wajenmu yayyafi aka fara da safe. Yaran gidan suka fito filin gida suna tsalle suna ihu, uwarsu tana ɗaukar su hoto. Ni ma na tsaya ina murmushi, don ruwan sama a Jidda biki ne. Da hantsi na kira Yaya, waya ba ta shiga. Na sake, ba ta shiga. Sai wani abokina direba ya kira ni ya ce, "Kana ina? Kudu ta nutse." Na ɗauki mota ba tare da na nemi izini ba. Ban yi nisa ba hanya ta toshe, na bar motar a gefen titi na ci gaba a ƙafa, ina ratsa ruwa mai launin ƙasa, ina wuce motoci da suka hau kan juna kamar an zubar da su daga kwando.

Abin da ya faru a gidan daga bakin waɗanda suka tsira na ji shi, kuma bakinsu bai saɓa ba. Ruwan bai zo a hankali ba. Ƙara suka ji kamar ta manyan motoci, kafin su gane mene ne ya ɓalle ƙofar waje ya cika tsakar gida har gwiwa. Titi ya zama kogi, ba mafita sai sama. Kowa ya ruga matakala, suka tarar da kwaɗon nan. Maza suka ɗauko tukunyar gas suna dukansa, ruwa yana hawa. Yaya ta ɗaga Maryam ta miƙa ta kan katanga, mutanen da ke saman gidan maƙwabta suka janye ta. Suka miƙo wa Yaya hannu, suna ce mata, "Yalla, Rabi, hau!" Ta ce musu, "Inna tana ciki."

Inna Fatsuma wata tsohuwa ce daga Damagaram, ta zo umra shekaru da yawa ta zauna, ƙafafunta suka mutu, ba ɗa ba jika. Yaya ce ke kai mata tuwo kullum. Ta koma ɗakin, ta goyo ta, ta fito ruwa ya kai mata ƙirji. Daidai lokacin kwaɗon ya karye. Ta tura tsohuwar kan matakala, maza suka ja ta sama. Kafin ita ta ɗora ƙafa, katangar gabas ta faɗo, ruwan da ke bayanta ya shigo gaba ɗaya. Sai bayan kwanaki muka same ta, nesa da unguwar, cikin laka da tarkacen gidajen mutane. Da zoben azurfar mahaifiyarmu na gane ta.

Mutanen da suka yi ta dukan kwaɗon sun ce da ƙofar a buɗe take, da kowa ya hau tun ruwa yana gwiwa, har da Inna, har da wadda ta goyo ta. Wannan magana ce ba ta bar ni ba har yau.

Mai gidan ya zo ta'aziyya cikin farar riga mai ƙamshin turare. Ya kama hannuna ya ce, "Ƙaddara ce, ɗan'uwa. Halas, ya wuce, sai haƙuri." Na ce masa, "Makullin fa? Yana ina ranar?" Ya dubi mutane, ya dube ni, ya ce wai yanzu ba lokacin wannan magana ba ne. Dattawa suka riƙe ni, suka ce in ji tsoron Allah, ana zaman makoki. Shi ba wanda ya ce masa ya ji tsoron Allah.

Na yi imani da ƙaddara, ba sai an koya mini ba. Allah ne Ya saukar da ruwan. Amma kwaɗon a shago aka saye shi, hannun mutum ya datse shi, aljihun mutum ya tafi da makullin. Na so in kai ƙara. Sai dai shaiduna kusan duk ba su da iƙama, wanda ya buɗe baki a gaban hukuma ya san jirgi zai hau. Ban ga laifinsu ba, suna da yara. Mai gidan ya san haka sarai, shi ya sa ko gezau bai yi ba. Ya gyara katangarsa, ya yi fenti, ya zuba sababbin 'yan haya.

Wani abin da ya ƙara mini ciwo daga gida Najeriya ya zo. 'Yan'uwa suka riƙa kira suna cewa Rabi ta yi sa'a, ta rasu a ƙasa mai tsarki, ga shahadar ruwa. Ina fatan Allah Ya ba ta wannan daraja, ina roƙa mata ita a kowace salla. Amma ku da kuke faɗin haka ba ku wanke laka daga gashinta ba. Ba ku zauna da yarinyar da ta ga tafiyar uwarta daga saman katanga ba. Akwai yadda muke gaggawar yi wa mutuwar talaka ado don kada a tambayi wanda ya jawo ta, kuma na tsani wannan hali namu.

Yau Jidda ta canja. An haƙa manyan magudanan ruwa, an yi madatsai a bakin kwaruruka. In hadari ya haɗu, saƙon gargaɗi yana shigowa waya, a rufe makarantu. Na yaba, don rayuka ne ake tsarewa. Amma nakan tambayi kaina, sai da aka kwashi gawawwaki nawa kafin a tuna cewa ruwa gangare yake bi? Kwarin nan yana nan tun kafin kakana ya sauka daga kwalekwale. Ba wanda ya ɓoye shi. An dai san su waye ke kwana a cikinsa.

Unguwar ma babu ita yanzu. Katafila ta bi ta kanta tare da wasu tsofaffin unguwannin kudu, mutanenmu suka watse, wasu Khumra, wasu suka koma ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Kwanan baya na je neman inda gidan yake, na tarar da fili fetal, ko alamar lungun ban gane ba. Da Yaya za ta dawo ta ga hasken bakin teku a Abhur da dogayen benaye, na san za ta yi shewa ta ce garinmu ya yi kyau, don tana son Jidda fiye da yadda Jidda ta so ta. Daga nan za ta juyo ta tambaye ni ina maƙwabtanta, ina masu sayen tuwonta, wa ke kai wa tsofaffi abinci yanzu da aka raba su da lungunan da aka san su.

Bara mai gidan ya rasu. Ɗansa, yaro mai ladabi wanda ba shi da hannu a komai, ya nemo ni ya ce yana bin duk wanda mahaifinsa ya ɓata wa don a yafe masa. Na ce ba ni ne mai babban haƙƙi ba, na kai shi wurin Maryam. Ita yanzu matar aure ce da ɗanta, a hannuna ta girma. Kamar sauran yaranmu na nan, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa. Ta saurare shi har ya gama, ta ba shi shayi, ta yi masa ta'aziyyar ubansa yadda ya kamata. Sannan ta juyo gare ni, ta yi magana da Hausa, a hankali, tana laluben kalmomin: "Kawu, ka faɗa masa ban yafe ba. In na iya wata rana, zan faɗa wa Allah da kaina."

Wasu sun ce ta yi tsauri. Ni ban gyara mata ko harafi ɗaya ba lokacin da nake mayar masa da maganar da Larabci.

In na zauna ina lissafin abin da ya rage na Yaya Rabi, ba shi da yawa a ido. Kabari a ƙasar nan ba a rubuta masa suna, ban san takamaiman inda take kwance ba. Gidan ya tafi, tukwanenta ruwa ya tafi da su. Inna Fatsuma ta ƙara wasu shekaru a duniya, ta rasu a kan shimfiɗarta, a bushe, ana yi mata kalmar shahada, kuma Yaya ce ta saya mata wannan da ranta. Sai Maryam, wadda ta tsaya a gaban ɗan masu gida ba ta sunkuyar da kai ba. Sai ni, da wannan fushi da malamai suke ta ce mini in sauke. Ruwan na daɗe da sallama masa, bawan Allah ne, umarni ya bi. Sauran kuwa ina riƙe da shi, domin ranar da na sauke, ba sauran mai cewa ba ruwa kaɗai ya kashe ta ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Rabi, Ya haskaka makwancinta duk inda yake a cikin ƙasar nan mai gishiri, Ya yi mana hisabi da adalcinSa.