Surukina Ba'amurke da tiyon banɗaki

Na zauna a ƙasashe da dama, na ga banɗakuna iri-iri, amma har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da mahaifin matar ɗana ya sauka a gidana na unguwar Al Nahda a Dubai ba. Ba'amurke ne, dogo, mai fara'a, kuma zuwansa na farko ke nan. Burina ɗaya, ya koma ya ce 'yarsa ta shiga gidan mutanen kirki.

Da ya buɗe akwati sai na ga rabinsa takardar banɗaki ce. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaƙi za ka?" Ya ce an gaya masa nan da ruwa ake tsarki, shi kuwa tunda aka haife shi bai taɓa ba. Ɗan tiyon da ke rataye gefen masai ma ya ɗauka na wanke daɓe ne.

Sai na gyara zama na kama wa'azi. Na kawo misalin butarmu ta Kano, na kawo na Japan, inda masai da kansa yake fesa maka ruwa. Na ce, "In miya ta zubo maka a gemu, takarda za ka goga ka tafi ofis?" Ya shafa gemu. Bayan azahar ya miƙe kamar soja, ya ce zai gwada.

To, tsakiyar zafi ne, tankin ruwa kuma a saman bene yake, rana na dafa shi tun safe. Mu tsofaffin Dubai mukan tsiyayar da ruwan farko, abin ya bi jiki har ba ma faɗa.

Sai ga ihu. Matata Hajiya ta fito daga kicin riƙe da ludayi. "Innalillahi! Alhaji, me ka yi wa baƙon mutane?"

Ya fito jiƙe sharkaf har gashin kai, yana tafiya kamar agwagwa, don a firgice ya ƙara matse tiyon maimakon ya saki. Ya dube ni, idanu jajir.

"Kullum haka kuke yi?"

Kafin in buɗe baki Hajiya ta ce, "Kullum."

Ya jinjina kai. "Lallai ku jarumai ne. Hankalina ya kwanta da 'yata."

A tsaye ya sha shayin la'asar. Tun ranar na gane cewa in za ka koya wa baƙo al'adarka, ka fara da abin da kai kanka ka daina lura da shi.