Madaurin Fata a Motar Kakanmu

A tsakar gidanmu a Kafanchan akwai wata tsohuwar mota da ta daɗe zaune a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya. Kakanmu ne ya saye ta bayan ya bar aikin jirgin ƙasa. Ni ban san shi ba, ban kuma san uwata ba. Kaka Saratu ce ta rene ni tare da 'ya'yan Kawu Yohanna.

Da an gama cin tuwo, Kaka takan hura wuta kusa da motar tana gasa mana masara. Mu sai mu cika kujerar baya, ita ta zauna a gaba, ƙofa a buɗe, ƙafafunta a waje. Wasanmu shi ne kowa ya taɓa wani abu, ita ta faɗi amfaninsa.

"Kaka, wannan fa?"

"Shi ake ja da safe in sanyi ya kama inji. Mota ma yana jin sanyi."

Ta nuna mana wurin zuba tokar taba, wanda kakanmu ya mayar gidan alewa domin shi dattijon ikilisiya ne. Ta nuna mana giya a jikin sitiyari, da hannun da ake murɗawa gilashi ya sauka. Amma akwai wani madaurin fata a saman ƙofar baya, gefe ɗaya ya tsinke. In na taɓa shi, sai ta juya masara, sannan ta ce, "Wannan kam sai da tatsuniya. Ga ta tafe, ku matso."

Wai wata yarinya ce mai ciki, naƙuda ta kama ta a ƙauye cikin damina. Ubanta ya sa ta a mota. Hanya duk taɓo, rafi ya cika. Uwarta ta ce, "Riƙe wannan, 'yata, kada ki sake." Ta riƙe, mota tana jijjiga, ita tana waƙar sujada, har fatar ta tsinke a hannunta. Daidai nan suka hango fitilun asibiti. Ta haihu lafiya, suka koma gida ana guɗa.

"Shi ya sa aka yi shi," in ji Kaka. "Domin mai jin zafi ya samu abin kamawa."

Bayan jana'izar Kaka, 'yan gwangwan suka zo ɗaukar motar. Na leƙa ciki ina ba Kawu tatsuniyar ina dariya. Bai yi dariya ba.

"Rifkatu ne, maman ka," ya ce. "Ina gaba ranar. A cikin motan nan aka haife ka, a bakin rafi. Ita ba ta kai asibiti ba."

Na zauna a ƙasa.

Na daɗe ina jin haushin Kaka, har na zo na haifi nawa. Yanzu nakan tuna cewa ni nake yawan neman wannan tatsuniya, ita kuma ba ta taɓa ce mini ta gaji ba. Tana kallon fuskata, tana ba ni labarin mutuwar 'yarta, kuma duk lokacin da ta zo bakin rafin nan sai ta tsallake da ita.