Igiyar Hamissou Mai Ƙanƙara

Duk unguwar Ganou babu wanda zai ce ya taɓa ganin Hamissou Mai Ƙanƙara a zaune. Ni katanga ɗaya muka haɗa da shi shekara goma sha tara, kuma ko shayi a tsaye yake sha, ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. In ka ce ya zauna, sai ya ce ƙanƙara ba ta jiran a gama gaisuwa. Mutumin kirki ne, amma kallonsa kaɗai gajiyar da ni yake.

Sana'arsa ɗaya tun yana saurayi: ya ɗauki ƙanƙara a Parakou, ya kai wa mahauta da masu ruwan sanyi a kasuwar shanu ta Kolokondé, can gaba da Djougou. Yakan binne sandunan ƙanƙarar cikin garin katako, ya naɗe da buhuna, a ɗora a mota. Sai kuma igiyarsa. Kafin a tashi yakan ɗaure ta tam a ƙugun sanda ɗaya, in an isa ya zura yatsu tsakanin igiya da ƙanƙara, ya ga abin da hanya ta ci. Yatsa biyu ke shiga, da bazara uku. Da wannan awon yake taƙama, har ya ishe mu da labarinsa.

Mai haɗa masa ƙanƙarar kuwa Mansour ne, abokinsa na ƙut da ƙut, mai injin guda biyu a bayan tasha. Shi ya yi wa Roukaya, 'yar farin Hamissou, huɗuba ranar da aka haife ta. Mansour ba shi da yawan magana, shi ya sa suka daɗe tare.

To, shekarun baya-bayan nan igiya ta fara kawo rahoton da ba a so. Yatsa huɗu. Hamissou ya canza garin katako, ya ce na da ɗanye ne. Ya yi faɗa da direba kan yawan tsayawa a hanya. Ya ce matarsa Fati ba ta shanya buhuna yadda ya kamata, ita ko ta ce ya shanya abinsa. Ya koma tashi da an sallame asuba, duk da haka yatsa huɗu, wata rana har da rabi. Da ya rasa wanda zai ɗora wa, sai ya waiwayo kan Mansour.

Ranar wata Juma'a ce, an fito masallaci, a gaban jama'a ya tare shi.

"Ƙanƙararka rami gare ta a ciki, Mansour. Ka rage mata kuran, wutar lantarkin injin, kana tsammani ba zan gane ba?"

Mansour ya dube shi ya ce, "Malam Hamissou, igiya ka yarda da ita, ba ni ba?"

"Igiya ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga fuskar Mansour. Na bi Hamissou gida in ba shi baki, ya ce ni da ko firji ba ni da shi me na sani. Na ƙyale shi, tunda wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ya koma saye wurin wani mai injin a wata unguwa. Tafiyar farko, da ya isa Kolokondé ya zura hannu, sai ga tafin gaba ɗaya ya shige har wuyan hannu. Tafiya ta biyu ma haka. Mahauta suka fara tsokanarsa, suna cewa ruwan alwala ya kawo musu daga Parakou.

A hanyar dawowa ya biya ta Djougou wurin Roukaya, wadda yanzu take koyar da labarin ƙasa a makaranta. Ita ta ba ni labarin daga baya. Ya shigo yana zagaye tsakar gida yana zagin masu injin duniya kaf. Ta bar shi ya yi ya gaji, sannan ta miƙa masa wayarta. Bidiyon wani dutse ne fari fat, ya fi kowane bene tsawo, yana tsagewa yana zubewa cikin teku.

"Ƙanƙara ce, Baba, can ƙarshen duniya. Tun kafin kakannin kakanninmu take nan, yanzu ga ta tana narkewa. Wannan ba wanda ya rage mata kuran."

Sau uku ya sa ta maimaita masa. Sannan ya ce, "Bon. Wa ke rufe ta da garin katako?"

"Ba kowa. Duniyar ce ta ƙara zafi, kuma zafin nan shi ke bin ka a hanyar Kolokondé."

Bai ci abincin da ta zuba masa ba. Washegari da hantsi ya buga mini ƙofa, ya ce in raka shi bayan tasha. Duk hanya yana gabana, ina binsa da sassarfa.

Mun tarar da Mansour yana wanke kwanonin ƙanƙara. Hamissou ya tsaya yana murza igiyar a hannu, ya ce, "Pardon, Mansour. Na zalunce ka. Amma abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Wurinka yatsa huɗu, wurin wancan hannu guda. Me ya kawo haka?"

Mansour bai ɗago ba. Ya ce, "Na kowa kwana ɗaya yake yi a injin. Naka kwana biyu nake barinsa ya ƙara tauri, shekara uku ke nan. Na ga yadda igiyar nan ke hana ka sukuni, ban so ta ba ka kunya a gaban mahauta ba."

Hamissou ya duba hagu ya duba dama, ya jawo wani buhun garin katako, ya zauna.