Ledar Babur ɗin Bamalli

Duk wanda ya zauna a unguwar Hashimi a shekarun casa'in ya san Bamalli mai doya, ba don doyar ba, sai don babur ɗinsa. Tun ranar da ya sayo shi bai yarda an ɓare ledar kamfani ba. In ta yage ma, ɗaure ta yake yi da zare.

Ba a daɗe ba giyar babur ɗin ta fara ƙara. Da ya matse kuloci zai canza giya, sai ka ji ƙwaram, kamar an yar da tukunya. Wata rana tun daga Izom ya taho yana tsine wa kamfanin.

Ya kai wa Ɗantala makanike. Ɗantala ya hau ya zagaya, ya dawo ya ce, "Malam Bamalli, giyarka lafiya lau. Leda ce ta cushe a gindin hannun kuloci, ba ya matsuwa har ƙarshe. Bari in cire."

Bamalli ya riƙe masa hannu. "In ka cire, wa zai san sabo ne?"

"In ban cire ba, giyar za ta lalace."

"Giya a ciki take. Wa ke ganinta?"

Haka ya yi shekaru yana ƙwaram-ƙwaram a gari, har giyar ta mutu murus. Ranar da 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka zo ɗaukar babur ɗin, ya ɓare ledar a hankali, ya ninke, ya ce ita ba ta cikin ciniki.