Sawun Yatsu a Bangon Soronmu

Shekarar da gidanmu suka yanke shawarar rushe soron ƙofa a gina shaguna, ban iya zama wuri ɗaya ba. Soron ƙasa ne a Ƙofar Durbi, kakana magini ya yi wa fuskarsa zane da hannunsa, a lokacin in ka matsa kusa kana ganin inda yatsunsa suka nutse a laka. Babana yana yaro aka yi shi, shi ya riƙa miƙa ƙasar. An ce kafin damina za a sa masa diga.

Na ɗauki hotuna har wayata ta cika, amma hoto bai kama zurfi. A shagon wani abokina na koyi sassaƙa a kwamfuta, inda ake murza siffa kamar ana murza laka, a tona nan, a tayar da can. Na ƙudurta zan kwafe bangon kafin ya faɗi. Abin da ya rage na'urar kaina.

Yayana ya raka ni Kambarawa wurin mai sayar da kwamfutoci na hannu. Biyu suka tsaya mini a rai. Ɗaya ƙatuwa ce mai nauyi, fankarta na huci, mai shagon ya ce tana da katin hoto na musamman, irin aikina ita ke ɗauka. Ɗayar siririya, shiru kamar ba a kunna ba.

Yaya bai kalli ko allon ba. Ya ce, "Malam, batirin awa nawa shika yi?" A garin nan tambayar ke nan, ko fitila za ka saya.

Mai shago ya ce babbar ba ta kai ka la'asar daga azahar, ƙaramar kuwa wuni take.

Yaya ya juyo. "To mi kake jira? Unguwarmu yaushe rabonmu da wuta?"

Na fita, na dawo, na sake ɗaga babbar, na ajiye. Haushi nake ji don na san yana da gaskiya, kuma na san mai shago ma yana da ita. Ƙarshe na rungumo siririyar.

Da farko lafiya lau. Na kafa benci gaban soro, na fitar da manyan layuka, da'irori da kusurwoyi. Da na shiga ƙananan abubuwa sai ta fara nauyi. In ja alƙalami, layin ya biyo baya sai ya ga dama. In juya siffar, ta daskare. Batiri cike, aiki ba ya tafiya. Na tashi, na zauna, na zage ta a zuci, masu wucewa suna tambaya ko gidan nake sayarwa. Ranar da aka sauke bulo a ƙofar gida na koma Kambarawa a kan acaɓa, na tarar an sayar da babbar.

Abokina ya ce mafita ɗaya ce, in rage yawan ɗigon da siffar ke ɗauke da shi, na'urar ta samu numfashi. Na rage. Ta saki jiki nan take, na gama bangon gaba ɗaya ana gobe leburori za su zo. Ya fito sumul, gwanin kyau, har na ji daɗi.

Na kai wa Baba a rumfa bayan la'asar. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, ya ce in juya masa gefe. Na juya. Ya kai ɗan yatsa kan allon, daidai ƙasan babbar da'irar, yana shafawa a hankali.

Ya ce, "Ya yi kyau. Amma nan wurin babban yatsan kakanka ya shiga. Ina ya tafi?"

Na ce zan gyara. Da safe ina jin ƙarar diga daga ɗakina, ban fita ba.